Turmin da Ke Saman Kaya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sule, in an lissafa da kaka, don ni da kaka nake lissafinsa. Kowace shekara idan dawa ta fara nuna sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauko biro, in sake ajiyewa. Akwai wata magana a cikin labarin da na daɗe ina riƙe da ita ni kaɗai, kuma na san in na fara ba yadda zan yi in tsallake ta. Bana dai na zauna. Kada mai karatu ya ɗauka ƙarfin hali ne ya zo mini. Tsoro ne ya ƙaru har ya fi ƙarfin kunya.

Yaya Sule malamin gona ne. Ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua a kan wani tsohon babur, yana koya wa manoma tazarar shuka da lokacin feshin auduga, su kuwa suna ɗaukar rabi suna watsar da rabi. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago a bakin titi a Dayi, yana sayar da iri da maganin feshi. Dogo ne, mai sanyin magana, ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya yi tunani tukuna. Shi ne babbanmu, ni ce auta, ni ce kuma mai baki a gidan. Ina koyarwa a wata firamare a bayan garin Funtua, inda aure ya kai ni.

Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, mai karatu ya yi mini uzuri. Akwai waɗanda suka koma suna ɗan noma a ɓoye, kuma ban san hannun da jaridar da za ta buga wannan rubutu za ta faɗa ba. Abin da ya kamata a sani shi ne yadda garin yake zaune. Daji yana yamma. Tsakanin dajin da mu akwai ƙauyuka a jere, kowanne da gonakinsa, na ƙarshensu kuwa, wanda rafi kaɗai ya raba mu da shi, shi ne garin surukan Yaya, inda ya auro matarsa Rabi. Da 'yan bindiga suka fara fitowa daga dajin, ba su faɗa wa kowa da kowa lokaci guda ba. Gari ɗaya suke matsa wa, su kore shanu, su ɗauki mutane, su hana zuwa gona, har mutanensa su gaji su tashi, sannan su matso na gaba. Inna kuwa, mahaifiyarmu, tana ƙauye ita kaɗai a gidan da Baba ya bari, da awakinta da 'yar gonarta ta bayan gida.

Mun yi lallashi, mun yi fushi, ni har kuka na yi mata, na ƙarya da na gaske. Ta ce ita ba ta ga abin da ɓarawo zai yi da tsohuwa ba, kuma ba za ta je birni ta zauna a ɗakin suminti tana kallon bango ba. Daga ƙarshe Yaya ne ya samo kanta. Bai roƙe ta ba, tambayar ta ya yi a kan me za ta yarda ta tashi. Ta ce, “Ranar da mutanen ƙetaren rafi suka tashi, ka zo ka ɗauke ni. Muddin suna nan, ina nan.” Tsohuwar nan ta san abin da take yi, domin surukin Yaya, Alhaji Mamman, shi ne babba a garin, kuma ya sha rantsuwa a bainar jama'a cewa gawarsa kaɗai za a fitar daga gidan ubansa. Yaya ya ce ya amince. Tun daga ranar ran Inna ya rataya a kan abu guda, wato Yaya ya san ranar da garin surukansa ya tashi, kuma ya sani da wuri.

Nan ƙidayarsa ta samo asali. Daga baya mutane sun riƙa cewa don jama'a ya fara, ni kuwa na san don Inna ya fara. Shagonsa yana kan hanyar da masu gudu ke bi, wasu su wuce Kano, wasu su sauka nan kusa wurin dangi. Ya samu wata tsohuwar kalanda babba, ya juya bayanta, ya zana ƙauyukan nan kaf daga ka, kowanne ɗan da'ira, da rafuka da burtaloli. Garin da mata da yara suka fara fita sai ya ɗiga masa ɗigo. Wanda ya rage tsofaffi da 'yan maza masu gadin amfanin gona sai ya ja masa layi ɗaya. Wanda ya zama kufai sai ya gitta masa na biyu. A gefe kuma yana rubuta inda mutanen kowane gari suka nufa. Ranar da na fara gani dariya na yi, na ce, Yaya, ka rasa manoman da za ka dama wa lissafi, ka koma kan kalanda. Ya ɗora yatsa a kan da'irar garinmu, ya ƙirga baya zuwa inda layuka suka tsaya. Saura gari huɗu a lokacin. Ban sake dariya ba.

Wahalar aikin ita ce mutanenmu ba sa cewa sun gudu. Na sha ganin samari da 'yan mata masu ƙidayar 'yan gudun hijira, da rigunansu masu aljihu barkatai da kwamfutar hannu, sun tsaya gaban magidanci suna tambayarsa ko shi ɗan gudun hijira ne. Sai mutum ya ɗaure fuska ya ce Allah ya kiyaye, shi baƙunta ya zo wurin ƙanensa. Su shiga gidan ƙanen, shi ma ya ce ba kowa a gidan sai iyalinsa, alhali har a zaure ake shimfiɗa. Wa zai kira ɗan'uwansa ɗan gudun hijira a gabansa? Ga kuma tsoro, don ba ka san wanda zai kai labari daji ba cewa wane ya bar rumbunsa babu mai tsaro. Ban ga laifin yaran nan ba, abin da aka rubuta musu suke tambaya. Masu wayo daga cikinsu suka riƙa biyowa ta shagon Yaya, su sha ruwa, su tsaya gaban kalanda suna ta kallo.

Shi Yaya ba ya irin wannan tambaya, kaya yake kallo. In mota ta tsaya sauke fasinja ko gyaran taya sai ya fito da kofin ruwa, ya gaishe su, ya ce ya hanya, idonsa na kan lodi. Ya koya mini cewa matar da za ta biki ko dubiya ba za ta ɗauko turminta ba, in ka ga turmi to zama za a je yi. Wanda ya ɗauro zangarniyar iri a buhu ya fara tunanin noma a wani wuri. Wanda ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya ɗora a mota kuwa ya yi sallama da garin. In har zai yi tambaya, sai ya ce, “Wa kuka bar wa awaki?” In aka ce wane, to akwai sauran mutane. In aka yi shiru, ya koma ciki ya ja layi. A hankali shagon ya zama wurin cigiya. Mata su zo neman 'ya'yansu da ke aure a wani gari, maza su zo neman iyaye, shi kuma ya duba gefen kalanda ya ce ku gwada Ƙarfi, mutanen garin nan da yawa can suka sauka. Ciniki ya mutu a shagon, bai ko damu ba.

A kakar da ya rasu aka ɗauke sabis na waya a yankinmu gaba ɗaya. Wanda bai zauna a cikin wannan ba, ba zai gane ba. Wayarka tana hannunka, cajinta cike, uwarka tana can bakin daji, ba ka da hanyar jin muryarta sai ka taka. Labari ya koma ƙafa da baki, rabinsa kuma ƙarya. Da'irorin da ke gaban tamu suka ci layi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage garin surukansa kaɗai. Yaya ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Yana leƙa Inna in ya ji hanya ta lafa, duk zuwa sai ya sake roƙon ta, ita kuma ta nuna masa ƙetaren rafi da haɓa ta ce ga hayaƙinsu can yana tashi. Ni a Funtua abinci ya daina shiga, in na ji an ambaci sunan wani gari a ɗakin malamai sai in kasa kunne.

Wata Asabar na je Dayi duba Rabi da ba ta jin daɗi, na biya shago da hantsi. Ina zaune daga ciki a kan buhun iri sai wata a-kori-kura ta tsaya daidai ƙofa, direba ya sauko yana zuba wa inji ruwa. Alhaji Mamman ne a gaba. Da Yaya ya hango shi sai ya tuɓe takalmi, ya je gefen motar ya durƙusa, kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi Rabi. Shekara ashirin da ɗoriya da auren nan, bai taɓa haɗa ido da dattijon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba.

“Baba, barkanku da hanya. An zo lafiya?”

“Lafiya lau, Malam. Hajiya ce ƙafa ta matsa mata, za mu kai ta Kano a duba.”

“Allah ya ba da lafiya. Ya mutanen gida?”

“Alhamdu lillahi.”

Yaya ya ce ko za su ƙarasa gida su sha ruwa, Alhaji ya ce rana na yi, a gai da Rabi. Wannan ba abin mamaki ba ne, dattijo irinsa ba ya shiga gidan 'yarsa haka kawai. Direba ya rufe inji, mota ta tashi, Yaya bai ɗago ba sai da ƙararta ta yi nisa.

Ni kuwa daga inda nake ina ganin bayan motar sarai. An rufe kaya da tamfol, mata da yara suna zaune a kai. Can sama, a wajen tamfol ɗin, an ɗaure turmi da igiya, bakinsa yana kallon shago. Na gan shi. Wannan ita ce maganar da na ce ina riƙe da ita. Na gan shi, har na buɗe baki zan tsokani Yaya in ce ashe asibitin Kano da turmi ake zuwa, sai na haɗiye. Na ce a raina, surukansa ne, mutumin nan ya yi rantsuwa ga shi ya karya, ba daɗi in yi masa ba'a a gaban mijin 'yarsa. Na kuma ce, Yayan da ya koya mini kallon kaya, shi ne zai kasa ganin turmi? Ya dawo ya zauna, bai taɓa kalanda ba, na ɗauka kunyata yake ji, zai ja layin bayan na tafi. Da azahar na hau mota na koma Funtua hankalina a kwance, ina cewa gobe war haka Inna tana Dayi.

Sai ranar Talata ya sani. Wata mata daga ƙetaren rafi ta iso a ƙafa, tana jan akuya ɗaya da igiya. Ya ba ta ruwa, ya tambaye ta wa ta bari a gari. Ta ce ai ita ce ta ƙarshe, tun ranar da aka ga Alhaji ya fita kowa ya ɗaura kaya. Rabi ta ce mini ko shagon bai tsaya rufewa ba, ya hau babur.

Abin da ya faru a ƙauye daga bakin Nomau na ji shi, wani Bamaguje maƙwabcin gonarmu, wanda tun muna yara yake taya Baba huɗa. Yaya ya isa da la'asar ya tarar garin saura 'yan tsiraru, su ma a rikice, don an hango babura suna kai komo a ƙetaren rafi. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Bai tsaya magana ba, ya ɗauke ta cak ya ɗora a babur. Sai ga Nomau da 'yarsa mai jego, kwana biyar da haihuwa, ita ce ta hana shi fita, ko tsayuwa sosai ba ta iya yi. Babur ba zai ɗauke su duka ba. Yaya ya miƙa wa Nomau makulli ya ce, kai ka fi ni rashin nauyi, ka kai su titi, ni na san hanyar cikin gonaki, zan biyo a ƙafa. Ya san ta kuwa, babu wanda ya kai shi saninta. Washegari da safe aka same shi a cikin dawar wani, bai fi tafiyar rabin sa'a zuwa titi ba. Ba zan faɗi yadda aka same shi ba.

Ranar addu'ar uku Alhaji Mamman ya zo daga Kano. A 'yan kwanakin nan ya tsufa kamar an ƙara masa shekara goma. Da mutane suka ragu ya ce a kira masa ni, na zo na durƙusa a bakin zaure.

“Malama, na hango ki a cikin shagon ranar nan,” in ji shi. “Turmin nan ni na sa aka fito da shi daga cikin tamfol, na ce a ɗaure shi a sama. Ni na ce direba ya tsaya a ƙofarsa. Na san aikinsa ke nan. Bakina ne ya kasa gaya wa surukina cewa na gudu, na ce zai gani, ba sai na faɗa ba.” Ya murza casbi, sannan ya ce, “Ashe bai ɗago ba. Ke ma ba ki lura ba ko?”

Na ce ban lura ba. Ƙarya na yi wa dattijo a gidan makoki, na bar shi ya tafi da nauyin shi kaɗai. Bai sake taka garinsu ba, a Kano ya rasu shekarar da ta biyo baya, a ɗakin da wani ɗan'uwansa ya ara masa. Ban samu damar gyara maganar ba, ko in ce ban nemi damar ba.

Na juya abin nan a raina har na gaji. Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ni mutum ce, dole in duba ta inda ya biyo. Alhaji ya ji nauyin surukinsa, Yaya ya ji nauyin surukinsa, ni na ji nauyin yayana. Kowa a cikinmu abin da aka koya masa tun yana yaro ya yi, kuma shi nake koya wa yara a aji har gobe, a durƙusa a gaida babba, kada a tsura masa ido, kada a tsoma baki a maganar manya. Da a ce akwai marar tarbiyya ɗaya tak a ƙofar shagon nan ranar, da Yaya ya ɗauko Inna tun Asabar, lokacin hanya tana biyuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yadda abin ya koma yau. Ina jin da farko zai tsaya gaban kalandarsa ya rasa alamar da zai sa. A zamaninsa gari ko yana nan ko ya tashi. Yanzu akwai garin da ya tashi, ya koma, ya yi shuka, ya sake tashi kafin girbi. Akwai wanda mutanensa suke kwana a babban gari, su tafi gona da safe a babur, su dawo tun rana na tsaka. Akwai wanda ya zauna bisa sharaɗin mutanen daji, ka gan su a gida amma ba su ke da gidan ba. Na san iyalin da suka sauka Ƙarfi, suka koma Malumfashi, yanzu an ce suna bayan Zariya, kowane wuri an rubuta su sabbi, ko kuma ba a rubuta su ko'ina ba. Masu ƙidayar ma sun ƙara wayo, na ga sun fara ɗaukar matan unguwa suna shiga gidaje, suna tambaya yaushe aka zo, ɗakin wa aka sauka. Wannan zai yi masa daɗi. Amma na san bayan dogon tunaninsa zai ce su suna ƙirga waɗanda suka iso ne, don a san bakin da za a ciyar, kuma aiki ne mai kyau. Shi abin da ke hana shi sukuni shi ne waɗanda ba su taso ba tukuna, da saura gari nawa a gabansu.

Wannan lissafin ni ya dawo wa. Tun bayan rasuwarsa Inna tana wurina, a bayan gari ta wajen hanyar Maska. Da ina ganin ni birni nake, abin da ya ci ƙauye ba zai zo ƙofata ba. Yanzu in babura sun wuce a jere sai in tsaya da alli a hannu har ƙararsu ta ɓace. Ran nan taya ta fashe a bakin kasuwa, kafin ka ce me kowa ya zubar da kaya ya ruga, ni ma da na dawo hayyacina na gan ni a zauren mutanen da ban sani ba, takalmi ɗaya a ƙafa. A ajina ina ganin sabbin fuskoki a tsakiyar zango, su zauna a baya ba littafi, in na tambaye su daga ina sai su kalli ƙasa. Ina kuma ganin benci ya yi fili, yaran da na saba da su sun ɓace babu sallama. Ban iya zane kamar Yaya ba, amma na san sunayen unguwannin da ke bayanmu, kuma kullum ina ƙirga su a ka.

Na kuma zama fitsararriya, in ji maigidana. In mota ta tsaya da lodi sai in je in ɗaga tamfol in leƙa, in tambayi mata daga ina, wa ya rage. A wani suna da aka yi a danginsa na dubi yayansa, mutumin da ko sunansa ba na kamawa, na ce, Yaya, zuwan nan naku na suna ne ko kun taso ke nan? Maigidana ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yayan nasa kuwa ya ce sun taso. Daga baya matarsa ta ja ni gefe ta yi mini godiya, ta ce kwana biyu suna neman ta inda za su fara.

Akwai 'yan unguwanni biyu a bayanmu da matansu ke kawo mana itace da ganyen miya kowace safiya. Ɗaya ta daina zuwa tun damina. Ita ɗayar nake sa wa ido, na ce a raina ranar da su ma suka ɗauke ƙafa, to babu kowa tsakaninmu da abin da ke can. Dangin maigidana suna da ɗaki a Zariya sun ce mu zo. Amma Inna ta taɓa faɗa a gaban kowa cewa ta tashi sau ɗaya, ɗa ya tafi a kai, ba za ta sake tashi ba sai zuwa kabari. Wata da watanni ina neman bakin da zan tayar mata da maganar na rasa.

Da na gama rubuta rabin wannan takarda sai na ga bai dace baƙi su karanta abin da Inna ba ta ji ba. Ran Alhamis bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na zauna kusa da ita na gaya mata komai, da turmin, da shirun da na yi, da ƙaryar da na yi wa Alhaji. Na shirya ta tsine mini, ko ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta daina ɓara ba.

“Ni ma ai na sani,” ta ce. “Kullum ina jin kiran sallarsu daga ƙetaren rafi, da hantsi in ji dakansu. Ran Lahadi ban ji ba. Litinin ma ban ji ba, hayaƙin ma babu. Maƙwabta suka yi ta fita, har sau biyu aka tsayar mini da amalanke a ƙofa, aka ce in hau. Na ƙi. Na ce yayanku na ce wa ya zo ya ɗauke ni, ya kuma ce zai zo, ba zan sa ya zo ya tarar ba na nan ba.” Ta share ido da bakin zane. “Da na hau amalanken nan, da a titi za mu haɗu.”

Shekara huɗu muna gida ɗaya, kowa da nata a ciki. Muka yi kuka mai isarmu, sannan ta ce, “Ki ji, Auta. Wannan karon kada ki tambaye ni. Ranar da kika ga abin da kika gani, ki ɗauke ni, ko ina zaginki.” Na ce, Inna, masu itace yau kwana huɗu ba su zo ba, jiya na je bakin hanya na tambaya, an ce sun tashi. Ta dubi gyaɗar da ke gabanta ta ce to a samo buhu.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Sule, ba zan ce shago ba, an daɗe da mai da shi wurin sayar da lemo. Akwai jikar Nomau, tana nan tana gudu da ƙafafunta, ba ta san sunan wanda ya sauka daga babur dominta ba. Akwai shekara huɗun da Inna ta ƙara a duniya, da abin da Allah zai ƙara mata. Akwai mutanen da har yau in mun haɗu suke cewa shi ya nuna musu inda 'yarsu take. Ni kuma ya bar mini ido, ya bar mini tsoron da ke sa idon aiki. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Alhaji Mamman, ya yafe mini.

Motar Zariya jibi da safe za ta zo. Ban san ko za mu daɗe ba, ban san ko can ɗin ma zai ɗore ba. Yau da rana na bi layinmu gida gida, na gaya wa maƙwabta cewa unguwar bayanmu ta tashi, mu ma gudu za mu yi. Ban ce biki ba, ban ce asibiti ba. Wata dattijuwa ta kama baki ta ce, haba Malama, ai ba a faɗa haka. Na ce mata na sani, na wuce gida na gaba.